Yadda ake kama kifin fluke daga kan kayak a lungunan tekun New York da New Jersey

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan bayanin na rubuta shi ne domin mutanenmu da ke zaune a Bronx da Brooklyn da ɓangaren New Jersey, musamman waɗanda suka taso suna fatsa a gida amma tun da suka zo Amurka ba su sake riƙe sanda ba, ga teku a bayan gida amma mutum bai san ta inda zai fara ba. Kifin da zan yi magana a kansa shi ne fluke, kuma a ganina babu kifin da ya dace da mai kayak, wato ɗan ƙaramin kwale-kwalen nan da ake tuƙawa da filafili, kamarsa, saboda shi da kansa yake shigowa ruwa mara zurfi tun daga wajen watan Mayu ya yi ta zama har Satumba, sai sanyi ya fara sannan ya koma can cikin teku mai zurfi inda yake ƙwai.

Fara sanin kifin tukuna, don duk abin da zan faɗa a ƙasa daga halinsa ya fito. Fluke shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, cikinsa fari tas, bayansa ruwan ƙasa da ɗige-ɗige, idanunsa biyu duk a gefen hagu suke. Ikon Allah, lokacin da aka ƙyanƙyashe shi ido ɗaya yana kowane gefe ne kamar sauran kifi, yana girma idon dama yana tafiya har ya tsallako ya samu ɗan'uwansa. Kwanciya yake a ƙasan ruwa ya rufe jikinsa da yashi, ya sauya launi ya saje da wurin, idanu kawai a waje, yana jiran ruwa ya kawo masa ƙananan kifi ko jatan lande ya zabura ya cafke. Yana da haƙora masu kaifi, kada ka sa yatsa a bakinsa. Toh kaga abu biyu kenan: a ƙasa yake, kuma abin da ke motsi yake so. Wanda ya jefa ƙugiya ya zauna yana jira irin yadda muke wa tarwada, zai iya wuni bai ga komai ba sai kaguwa tana cinye masa koto. Dole kotonka ya riƙa tafiya yana taɓa ƙasa, kuma kayak ne ke yi maka wannan tafiyar.

Mataki na farko, takardu da doka, kuma dan Allah kada ka tsallake wannan. A jihar New York duk wanda ya kai shekara 16 sai ya yi rajistar kamun kifin teku a wajen DEC, hukumar kula da muhalli ta jihar, kyauta ne, a waya ma zaka gama cikin 'yan mintoci. New Jersey ma suna da tasu rajistar kyauta. Sannan akwai lokacin da aka buɗe kamu, da tsawon da kifi zai kai kafin ka tafi da shi gida, da adadin da aka yarda maka a rana. A 2024 dokar New York ita ce kifi 3 a rana, tsawon inci 19 daga 4 ga Mayu zuwa 1 ga Agusta, daga nan ya koma inci 19 da rabi har 15 ga Oktoba. Inci 19 wajen santimita 48 kenan. New Jersey a shekarar inci 18 ne, kifi 3. Waɗannan lambobin ana sauya su, don haka kowace shekara ka shiga shafin hukumar ka duba kafin ka fita. Jami'ai suna zuwa bakin ruwa su buɗe akwatin ƙanƙara su auna, tarar kuma ba wasa bace, balle mu da muke baƙi bama son wata matsala da hukuma a kan kifi ɗaya. Wuraren sauke kayak ma da yawa suna buƙatar izini, na gandun birni daban, na Gateway, wato wuraren shaƙatawa na gwamnatin tarayya da ke bakin teku, daban, ka tambaya tun kafin ranar.

Na biyu shi ne jirgin. Kayak iri biyu ne, akwai wanda ake shiga ciki ƙafa ta ɓuya, akwai wanda ake zama a samansa. Na saman zaka nema. Yana da ramuka a ƙasa da ruwa ke fita da kansa, in ya kife kuma kana iya juyo shi ka hau. Tsawon ƙafa 12 zuwa 13 ya yi daidai, gajere mai ƙafa 10 da ake sayarwa da araha a manyan kantuna na tafki ne, iska na bugawa zai yi ta juyi da kai kana tuƙi baka gaba. Akwai masu feda irin na kamfanonin Hobie da Old Town da ake tuƙawa da ƙafa, hannunka biyu suna kan sanda, gaskiya sun fi daɗin aiki nesa ba kusa ba amma suna da tsada, mai filafili ma yana kama kifi sosai, kuma idan kaka ta yi mutane da yawa suna sayar da nasu na hannu da sauƙi.

Kayan tsira kuwa babu ciniki a kansu. Rigar ceto a jikinka take, a ɗaure, ba a bayan kujera ba. Usur a maƙale da rigar. Tuta mai ruwan lemo a kan doguwar sanda a bayanka saboda kayak a ƙasa yake sosai, mai jirgin inji da ke gudu ba ya ganinka sai ya zo dab. Farar fitila in zaka fita da duhun asuba. Waya a jakar da ruwa baya shiga, in da hali ka sayi ƙaramin rediyon VHF, tasha ta 16 ita ce ta neman agaji kuma masu gadin teku suna saurarenta dare da rana. Ka ɗaure filafilinka da igiya a jikin jirgi. Wani abu da mutanenmu basa ɗauka da muhimmanci shi ne sanyin ruwa: a watan Mayu rana na iya yin zafi kana gumi amma ruwan har yanzu da sanyin hunturu a jikinsa, in ka faɗa ciki numfashinka ne zai fara sarƙewa kafin ma ka tuna ka iya iyo. Ka sa kaya saboda ruwan, kada ka sa wandon jins ko auduga. Kuma kafin ranar farko, ka samu wuri mara zurfi da rana mai ɗumi, kai da wani, ka kifar da jirgin da gangan ka koyi hawa. Fita biyu-biyu ya fi, in kuma kai kaɗai ne ka faɗa wa iyali daga ina ka shiga da ƙarfe nawa zaka fito.

Na uku, sanda da zare. Ba sai ka kashe kuɗi da yawa ba. Sanda mai tsawon ƙafa 6 da rabi zuwa 7, matsakaiciya mai laushin baki, da injin naɗe zare lamba 2500 ko 3000. Zaren ya zama saƙaƙƙen nan da suke kira braid, mai ƙarfin fam 10 zuwa 15. Dalili shi ne siriri ne, ruwa baya jansa sosai, kuma baya miƙewa, don haka duk abin da ya taɓa ƙugiya a ƙasa zaka ji shi a tafin hannunka, har ka iya bambance yashi da laka da ɓawon kawa. A bakinsa sai ka ƙulla zaren roba mai haske na fluorocarbon, fam 20 zuwa 25, tsawon kamar ƙafa 3, da ƙullin haɗa zare biyu da suke kira double uni. Ka koyi ƙullin nan a gida kan kujera har hannunka ya saba, don a kan ruwa jirgi na rawa hannu a jiƙe ba lokacin koyo bane.

A can ƙarshen zaren ne zaka ɗaura bucktail, wato dunƙulen dalma mai ƙugiya da aka ɗaura wa gashin wutsiyar barewa. Sama da shi da kamar inci 12 zuwa 18 ka yi ɗan madauki a jikin zaren ka saka ƙugiya ta biyu mara nauyi. Wannan ta saman kada ka raina ta, sau da yawa ita ke kamawa, don kifin yana kwance yana kallon sama ne, sai ya ga kamar wani kifi na bin ƙaramin kifi sai ya riga shi. Nauyin dalma ka riƙe kala-kala, rabin oza, kashi uku cikin huɗu, oza 1, oza 1 da rabi, har 2. Oza ɗaya giram 28 ce. Ƙa'idar ita ce ka sa mafi ƙarancin nauyin da zai riƙe maka ƙasa. Launi kuwa fari, da kore mai ɗaukar ido, da ruwan hoda, waɗannan ukun sun isa.

Koto. Yawancin masu kayak yanzu Gulp suke sawa, wani kifin roba ne mai laushi da ke jiƙe cikin ruwan wari, mai wutsiya mai kaɗawa, inci 4 don cikin lungu. Ka soke shi a miƙe a kan ƙugiya, in ya karkace zai yi ta juyi a ruwa kifi ya ƙi shi. Ka rufe robar da yake zuwa a ciki da kyau don in ruwan ya zube maka a mota sai ka yi sati kana jin warin, kuma in ka tashi ka cire shi daga ƙugiya ka mayar cikin ruwansa, in ya bushe a kai sai da wuƙa. Na gaske kuma akwai spearing, ƙananan kifi masu layin azurfa a gefe, da killie masu rai da ake sokewa ta leɓe, da squid, wata dabbar teku mai hannuwa da yawa, da ake yankawa dogo-dogo siriri mai tsini. Duk shagon kayan su na bakin ruwa yana da su. Ni ina son in haɗa, Gulp a ƙasa, spearing a ƙugiyar sama, in ga wanda suke so ranar. In ka shiga shagon ka sayi wani abu ka tambayi mai shagon ina ake kamawa a satin nan, sun fi kowa sani.

Na huɗu, wuri da lokaci, kuma a nan ne aikin yake. Ruwan teku yana cikowa yana janyewa sau biyu a rana, kowane ɗaya wajen awa 6 da 'yan mintoci, kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kullum. Jadawalin yana shafin NOAA, hukumar yanayi da teku ta Amurka, kyauta da manhajoji da yawa. Fluke yana ci ne idan ruwa na tafiya. Idan ya tsaya cik tsakanin cikowa da janyewa cin yana mutuwa, lokacin ne zaka sha ruwa ka ci abin da ka zo da shi. A farkon lokacin kamu, Mayu da farkon Yuni, janyewar ruwa ta fi, saboda ruwan da ya kwanta kan laka mara zurfi rana ta ɗumama shi, yana fitowa da ɗuminsa da ƙananan kifi, sai fluke ya jeru a bakin ƙoramu yana jira. A tsakiyar zafi, Yuli da Agusta, abin yana juyawa, ruwan lungu ya yi zafi da yawa, sai ka nemi cikowa mai kawo ruwan teku mai sanyi da tsabta, ka matsa kusa da mashigar teku da wurare masu zurfi.

Wuraren da aka sani sun haɗa da Jamaica Bay tsakanin Brooklyn da Queens, inda mutane ke sauke jirgi a Floyd Bennett Field, sai Great South Bay da Moriches da Shinnecock a Long Island, sai Raritan Bay da Sandy Hook da Barnegat Bay a New Jersey. A Jamaica Bay kada ka kuskura ka matsa kusa da gaɓar filin jirgin JFK, yankin tsaro ne. Can ƙarshen Long Island kuma akwai Montauk, inda Charles Nappi ya kama wanda aka amince a hukumance shi ne mafi girma a tarihi a 1975, fam 22 da oza 7, ya haura kilo 10, amma can ruwan manya ne, ba wurin sabon shiga bane.

A cikin kowane lungu abin da kake nema shi ne gangare, inda ƙasa ta sauka daga ƙafa 4 ko 5 zuwa 12 ko 20. Gefen hanyar jiragen ruwa, bakin ƙorama, bayan tudun yashi, kusa da ƙafafun gada inda ruwa ke yin juyi. Taswirar ruwa a waya zata nuna maka layukan zurfi, inda layukan suka matsu da juna nan ne gangaren. Alamun ja da kore da ke yawo a ruwa su ne iyakar hanyar jirage, ka yi kamunka a gefensu, kada ka zauna a tsakiya, in zaka tsallaka ka duba hagu da dama ka tsallaka kai tsaye da sauri.

Na biyar, korar ruwa. Ka tuƙa zuwa saman wurin da ka zaɓa, wato ɓangaren da ruwa ke fitowa, ka ajiye filafili a cinya, ka saki zare har ka ji dalma ta dira ƙasa zaren ya yi sako-sako, ka rufe injin. Yanzu ruwa da iska za su tafi da kai a hankali ta kan gangaren. Gudun da ake so wajen mil 1 a awa, daga rabin mil zuwa mil 1 da rabi duk yana yi, GPS na waya zai nuna maka. Amma zaren da kansa yana faɗa maka. In yana tsaye kusan a miƙe ƙasa, kana daidai. In ya tafi can baya ya kwanta, gudu ya yi yawa kuma kotonka ya tashi daga ƙasa yana wucewa ta saman kifi, sai ka ƙara nauyi ko ka jefa jakar nan ta yadi mai kama ruwa da ke rage gudu, ko mai feda ya riƙa takawa a hankali yana fuskantar ruwan. In kuma iska da ruwa suna karo ka tsaya wuri ɗaya, kai zaka samar da tafiyar, ka riƙa tuƙi kaɗan-kaɗan ko ka riƙa jefawa gefe kana jawowa ta ƙasa. Wallahi mutum biyu za su zauna a wuri ɗaya da koto iri ɗaya, ɗaya na kamawa ɗaya na kallo, kuma in ka duba bambancin bai wuce wannan ba, ɗaya yana jin ƙasa kowane lokaci, ɗayan ya rabu da ita bai sani ba.

Motsin hannu ƙarami ne. Da wuyan hannu kawai, ka ɗaga bakin sanda inci kaɗan ka sauke, tak tak tak, dalma na tsalle tana taɓa ƙasa, wani lokaci ka ɗan tsaya daƙiƙa biyu. Zurfi na sauyawa don haka ka riƙa sakin zare ko naɗewa. Cin fluke kala biyu ne, wani lokaci bugu ne ƙwarara, wani lokaci kuma nauyi kawai zaka ji kamar ka kamo ciyawa, manyan sun fi yin wannan na biyun. Da bucktail, kana jin nauyi ka ɗaga sanda da ƙarfi sau ɗaya. Da koto mai rai ko dogon squid ka ɗan sassauta masa, ka ƙirga uku ya haɗiye zuwa ƙugiya tukuna. In ka ɗaga bai kamu ba kada ka naɗe, ka mayar ƙasa nan take, yana bin koto kuma sau da yawa yana dawowa. Duk inda ka samu ci ka sa alama a waya, ka zagaya ta gefe ka koma sama ka sake bi ta kan wurin, don suna taruwa ne a wuri ɗaya. Gajeriyar kora a kan wuri mai kifi ta fi doguwa ta mil guda a kan fili.

Na shida, fito da shi, nan ne ake asarar manya. Ka naɗe a hankali ba tsayawa, kada ka riƙa ɗaga sanda kana saukewa, zaka ji yana girgiza kai, duk sakin da zare ya yi a lokacin ƙugiya na iya fita. Ka sassauta birkin injin yadda in ya ja da ƙarfi zare zai fita. Idan ya taso ka ga bayansa mai launin ruwan ƙasan nan a ƙarƙashin jirgi, kada ka ɗago kansa sama da ruwa, yana jin iska zai haukace. Ka nutsa ragar kamu cikin ruwa tukuna, ka jawo shi ya shiga da kai, ba ta wutsiya ba, don in raga ta taɓa wutsiya gaba zai zabura. Ragar ta zama mai faɗin baki mai gajeren hannu, ta roba ta fi don ƙugiya bata sarƙewa. Ka bar shi cikin ragar har ka cire ƙugiya da filaya, in ka zube shi tsakanin ƙafafunka yana falfala ga ƙugiya biyu na yawo, ɗaya zata iya ƙarewa a cinyarka. Kuma duk wannan abin kanka ya tsaya a tsakiyar jirgi, inda kai ya leƙa nan jiki ke bi.

Sai awo. Allon awo mai tokari a gefe ɗaya, ka jiƙa shi, ka rufe bakin kifin ka tokare, ka karanta a ƙarshen wutsiya. Ka shirya ranka, yawancin waɗanda zaka kama basu kai ba, inci 15, 16, 17, wani ma saura ƙiris. Ka mayar da su da hannu a jiƙe da sauri, in ƙugiya ta shige can ciki ka yanke zaren kusa da baki maimakon ka yi ta tono. Manyan fluke ɗin nan kusan duk mata ne masu ƙwai, kuma ƙananan da ka saki yau su ne na baɗi. Zaka kuma haɗu da wasu baƙi, akwai sea robin mai fukafukai da ke gurnani in ka riƙe shi, yana da ƙaya a kai amma namansa na ciwuwa, akwai bluefish mai haƙoran da ke datse zare har da yatsa, shi filaya kawai.

Wanda ya kai, ka yanka shi ta wajen maƙogwaro jini ya fita, ka sa cikin jakar ƙanƙara nan take, rana na lalata naman da wuri. Kada ka fere shi a kan ruwa, a bar shi cikakke yadda jami'i zai iya aunawa. A gida ka tsaga layin tsakiyar baya daga kai zuwa wutsiya, ka bi da wuƙa mai laushi a kan ƙashi zuwa gefe, tsoka biyu a sama biyu a ƙasa, huɗu kenan ba ƙaya. Naman fari ne mai laushi, baya son doguwar wuta, gishiri da yaji da ɗan gari, minti biyu zuwa uku kowane gefe a mai ya isa, in a miya ne sai an kusa saukewa a saka. Kan da ƙashin kuma a yi romo da su. Hukumar lafiya ta jiha tana fitar da shawara kan yawan kifin da ya kamata a ci daga wasu ruwayen kusa da birni, musamman ga mata masu haihuwa da yara, ka duba na wurin da ka kama.

Iska kuma, ka duba hasashen yanayi tun da dare ka sake dubawa da asuba. In ta wuce mil 12 zuwa 15 a awa sabon shiga ya haƙura, musamman mai kaɗawa daga tudu zuwa teku, don ita ce ke tura mutum waje ya kasa dawowa. A lokacin zafi a gaɓar kudu ta Long Island da New Jersey iskar teku tana tashi da rana bayan azahar, shi ya sa fita bayan sallar asuba a dawo kafin azahar ya fi, ruwa a kwance, masu jirgin gudu basu fito ba. Ka fara tuƙi kana fuskantar iska ko ruwa lokacin da kake da ƙarfi, yadda dawowa zata zo da sauƙi. Ka nisanci bakin mashigar teku irin Shinnecock ko Barnegat lokacin janyewa har sai ka ƙware, ruwan wurin ya fi ƙarfin filafili. In ka ji tsawa ko daga nesa ne ka kwantar da sanduna ka nufi gaɓa mafi kusa. In ka dawo gida kuma ka wanke injin da sanda da filaya da ruwan famfo, gishirin teku yana cin ƙarfe cikin 'yan kwanaki.